Ƙwayar "bom" a sito: yadda ake auna gubarta, da wanda ke tabbatar da ma'aunin

Da an gama kaka a Kunci da ƙauyukan da ke kewaye, hankalin manomi yakan koma kan ajiya. Gero da dawa suna da haƙuri, amma wake ba ya jira. In ka bar shi wata biyu zuwa uku haka nan, ƙwari sun huhhuje shi, ɗan kasuwa a Bichi ko Dawanau ya karya maka farashi. Shi ya sa mutane da yawa ke rugawa wajen mai sayar da maganin ƙwari su sayo ƙwayar nan da ake kira "bom", wadda aka fi sani da sunan Phostoxin, su jefa cikin buhu su ɗaure.

Ƙwayar tana aiki, ba a musu. Sai dai ba ita kanta ke kashe ƙwarin ba. Sunan sinadarin alminiyam fosfaid, kuma da zarar ya haɗu da laimar da ke cikin iska sai ya fara fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin. Iskar ce ke aikin. Ba a ganinta, ba a taɓa ta, kuma hanci ba abin dogaro ba ne a kanta. To, ta yaya za a san ta kai adadin da zai kashe ƙwaro? Ta yaya za a san ta ragu har mutum zai iya shiga sito? Amsa ɗaya ce: sai an auna. In kuwa an auna, wa ya tabbatar na'urar ba ƙarya take yi ba? A kan wannan za mu yi bayani.

Lamba biyu da ya kamata kowace ƙungiya ta riƙe

Ana auna irin wannan iska da ma'aunin da ake rubutawa ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Don ka gane ƙanƙantarsa: ppm 1 a buhu mai kilo 100 bai kai nauyin ƙwayar wake babba guda ɗaya ba.

Lamba ta farko ta ƙwaro ce. A Ostireliya, inda suka daɗe suna wannan aiki a manyan rumbunan ƙarfe, shawarar da ake ba manoma ita ce iskar ta tsaya a ppm 300 har kwana 7 idan zafin hatsin ya wuce digiri 25, ko ppm 200 har kwana 10 idan da ɗan sanyi. Dalilin daɗewar shi ne ƙwan ƙwaron da wanda ke kwance cikin ƙwayar wake bai fito ba sun fi babban ƙwaro juriya. Babba na iya mutuwa tun a kwanakin farko, ka buɗe ka ga gawarwaki ka ce magani ya ci, alhali ƙwai na nan da ransa.

Lamba ta biyu ta mutum ce. A Amurka, dokar kare ma'aikata ta ce kada abin da ma'aikaci ke shaƙa a tsawon aikin awa 8 ya wuce ppm 0.3. A ppm 50 kuwa, suna lissafa wurin a matsayin mai barazana ga rai nan take. Ka ga tazarar: abin da ake buƙata don ƙwaro ya ninka abin da aka yarje wa mutum sau dubu.

Yanzu mu yi lissafi da ɗaki irin namu. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na fosfin. Giram 1 a cikin wuri mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi yana ba da kusan ppm 700. Ɗauki ɗaki mai mita 4 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsayi. In iskar ƙwaya ɗaya ta fice daga buhu ta taru a ɗakin, an rufe ƙofa da taga saboda sanyi, za ta kai kusan ppm 20. Wannan ya ninka iyakar ma'aikaci fiye da sau 60. Buhu uku, ƙwaya uku, an kai ppm 60, an wuce layin mutuwa. Amma ga ƙwaro, ppm 60 da ke zurarewa ta kafar ƙofa bai isa ya gama da ƙwansa ba. Wato an sa iyali cikin haɗari, waken kuma bai tsira ba.

Wannan ya fi shafar mu a nan, domin gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya ke raba ɗakin wannan da na wancan, kuma saboda tsoron ɓarayi mutane da yawa sun daina barin wake a rumbu, sun mayar da shi ɗaki ko zaure. Fosfin na ratsa buhun saƙa, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin rufi. Ta ɗan fi iska nauyi, yara kuma a ƙasa suke kwana kan tabarma, ga jikinsu ƙarami.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan asarar ba. A 2010, a jihar Utah ta Amurka, yara mata biyu sun rasu bayan an zuba irin wannan magani kusa da gidansu don kashe ɓeraye, abin da ya sa hukumar kare muhalli ta ƙasar ta hana amfani da shi a kewayen gidajen zama. A Janairun 2017, a garin Amarillo na jihar Texas, yara huɗu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa shi a ƙarƙashin gida, daga baya aka fesa masa ruwa.

Me ya sa hanci bai isa ba?

Za ka ji ana cewa, "ai in akwai, za a ji warin." Warin nan mai kama da na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi ba na fosfin ɗin kanta ba ne, na wasu abubuwa ne da ke fitowa tare da ita. Hatsi na iya shanye warin, gubar kuma tana nan. Sannan hancin mutane ba ɗaya ba ne, kuma in ka daɗe a wuri hanci yakan saba. Ko da ka ji warin ma, ba zai gaya maka ppm 1 ba ne ko 100.

Ƙirga ƙwaya ma ba awo ba ne. Sito biyu, buhuna daidai, ƙwaya daidai, amma ɗaya tamfol ɗinsa ya huje: sakamakon ba zai zo ɗaya ba. Ga kuma hunturu. Tunda ƙwayar laima take buƙata, a busasshiyar iskar Disamba da Janairu takan yi jinkirin narkewa. Mutum ya ƙirga kwanakinsa ya buɗe, ya tarar da garin toka-toka, ya ɗauka ta mutu, alhali da saura a cikinta.

Na'urorin awo iri biyu ne a hannun masu wannan sana'a. Akwai siririn bututun gilashi da ake zuƙo iska ta cikinsa, launinsa ya sauya har zuwa wata lamba. Sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Akwai kuma mita mai batir da ke nuna lamba a fuska. Ita ma kashi biyu ce: mai auna ƙaramin adadi, wadda ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji ta yi ƙara in akwai haɗari, da mai auna ɗaruruwan ppm a ƙarƙashin tamfol. Ɗaya ba ta yin aikin ɗaya.

Na'ura ma tana sauka daga saiti

Duk wanda ya taɓa kai kaya kasuwa ya san rigimar kwano. Tiyar wannan ta ɗara ta wancan, an bubbuga gindin wata, an lotsa bakin wata. Sikeli ma in ya daɗe sai an ɗora masa dutsen awo da aka san nauyinsa a gyara shi. Mitar gas haka take, har ta fi. Abin da ke sansano iskar a cikinta yana tsufa, zafi da ƙura da bushewar iska suna rage masa ƙarfi. Mita na iya kunnuwa lafiya, ta nuna sifili, alhali ta daina ji. Wannan ta fi rashin mita haɗari, domin mutum zai shiga da ƙarfin gwiwa.

Dutsen awon mitar gas shi ne wata 'yar tukunyar gas da aka san adadin gubar da ke ciki daidai, an gauraya ta da iskar naitirojin, an rubuta lambar a jiki tare da takardar shaida. Ana shaƙa wa mitar wannan iska. In tukunya ta ce ppm 5, mita ta ce 3, sai a saita ta. Masu ƙera mitoci da yawa suna cewa a yi cikakken saiti duk wata shida, a kuma yi ɗan gwaji na gajeren lokaci kafin a fita aiki. Tukunyar ita ma tana da ranar ƙarewar wa'adi, saboda irin waɗannan iskoki suna maƙalewa a jikin ƙarfen ko su sauya a hankali, adadin ya ragu.

Sai tambaya ta gaba: kamfanin da ya cika tukunyar, da me ya auna? Da wata tukunyar da ta fi tasa inganci. Haka ake bi, hannu zuwa hannu, har a kai ga cibiyar awo ta ƙasa. Amurka na da NIST, Ingila na da NPL, Holan na da VSL, Koriya ta Kudu na da KRISS, Afirka ta Kudu na da NMISA. A can ake haɗa tukunyar asali, kuma da sikeli ake yi. Ana zuƙe iskar da ke cikin tukunya a auna nauyinta, a zuba gubar a sake aunawa, a cika da naitirojin a sake aunawa. Tunda adadin da ake nema ƙanƙani ne, sai a riƙa sirkawa mataki-mataki, daga tukunya mai kauri zuwa mai tsarki, ana awo a kowane mataki.

Yadda ƙasashe ke gwada kwanonsu

Saura abu ɗaya. In tukunyar Holan ta ce 10, ta Koriya ma ta ce 10, wa ya ce goman nan ɗaya ce? Kowa zai iya rantsewa a kan kwanonsa. Maganin shi ne a haɗa kwanukan a auna hatsi ɗaya da su.

Tun ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin awo na duniya, BIPM, wanda ke garin Sèvres kusa da Paris har yau. A 1993 aka kafa kwamitin da ke kula da awon sinadarai, CCQM, yana da reshe na musamman kan iskar gas. A Oktoban 1999 kuma cibiyoyin awo na ƙasashe suka sa hannu kan wata yarjejeniya: za su amince da takardun shaidar juna, amma da sharaɗin kowa ya shiga gwajin kwatance, a kuma wallafa sakamakonsa kowa ya gani.

Ga yadda gwajin yake. Cibiya ɗaya ce ke jagora. Ita za ta haɗa tukwane, ta aika wa kowace ƙasa ɗaya ba tare da ta faɗi ainihin lambar da ke ciki ba. Kowace ƙasa ta auna da tukwanenta na asali, ta rubuto lambar da ta samu, ta kuma faɗi tazarar kuskuren da take ganin awonta zai iya yi. Daga nan a mayar da tukwanen ga jagora ya sake aunawa, don a tabbatar iskar ba ta sauya a hanya ba. Sai a jera sakamakon, a ga wa ya dace, wa ya yi sama, wa ya yi ƙasa. Ana saka shi a rumbun bayanan BIPM a intanet, da sunan kowace cibiya. Daga haɗa tukwane zuwa rahoton ƙarshe yakan ɗauki shekaru.

An yi irin wannan a kan iskokin da manomi ma ke cin karo da su. Gwajin da aka sa wa lamba K51 na kabon monoksaid ne a ppm 5, wato gubar hayaƙin janareto da garwashi a rufaffen ɗaki, kuma NMISA ta Afirka ta Kudu ce ta jagorance shi. K41 na haidirojin salfaid ne a kusan ppm 10, NIST ta jagoranta. Ita ce iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ramin masai da sokawe, wadda in ta yi yawa take kashe jin wari gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi. K46 na amoniya ne, wadda ke yi wa ido yaji a ɗakin kaji in an bar kashi ya taru. A kiwon kaji ana so kada ta wuce ppm 25.

Na amoniyar nan akwai darasi a cikinsa. Sakamakon cibiyoyin bai zo daidai da juna yadda aka so ba, duk da cewa manyan ɗakunan gwaji ne na duniya. Daga cikin abin da aka gano akwai halin amoniya na maƙalewa a jikin tukunya da bututu, abin da ke rage adadin da ke isa ga na'ura. Aka koma aka gyara hanyoyin aiki, daga baya aka shirya sabon gwaji. To in masu sikelin da ke auna ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba sun iya saɓawa har sai da suka kwatanta, ina ga mitar da ta shekara uku a akwatin babur ba a taɓa saita ta ba?

A Afirka akwai ƙungiyar cibiyoyin awo ta nahiya, AFRIMETS. A Najeriya, hukumar SON ce ke da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu. Hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan ƙwari, sannan cibiyar binciken ajiyar amfanin gona, NSPRI, mai hedikwata a Ilori, tana da ofishi a Kano inda ƙungiya za ta iya neman shawara.

Ina ruwan manomin Kunci da wannan?

Ruwansa uku ne. Na farko rai, mun riga mun yi lissafinsa.

Na biyu ƙwarin kansu. Duk lokacin da aka yi turare da iskar da ba ta kai ba, masu rauni ne ke mutuwa, masu juriya su rayu su hayayyafa. Tun a binciken da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta yi a 1972 zuwa 1973, an samu ƙwarin sito masu jure wa fosfin a ƙasashe 33 cikin 82 da aka duba. In ka ji ana cewa "bom ɗin yanzu ba ya ci," ba lallai jabu ba ne. Sau da yawa yoyon sito ne da gajen haƙuri suka horar da ƙwaron.

Na uku kasuwa. Waken da riɗin da muke kaiwa Dawanau wani yana tsallaka teku, kuma a can da lamba ake karɓa ko a ƙi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin daikulobos, wanda ke cikin fiya-fiya, ya wuce iyakarsu ta miligiram 0.01 a kilo. Wancan ba fosfin ba ne, amma darasin ɗaya ne: mai saye ba ya karɓar "wallahi lafiya lau ne", sakamakon awo yake dubawa, kuma awon da ya amince da ma'auninsa.

In ƙungiya za ta ɗauko mai turaren sito

Manomi ɗaya ba zai sayi mita da tukunyar saiti ba, kuma ba a ce ya saya ba. Amma ƙungiyar da ta tara buhu ɗari biyu ko uku tana da bakin tambaya kafin ta biya. Ku tambaye shi:

1. Ina mitarka, kuma guda nawa ce? A ga ta ƙarƙashin tamfol, a ga ta kare ma'aikaci, ko bututun gilashi na kowanne.

2. Yaushe aka saita ta? A nuna takarda mai kwanan wata da sunan wanda ya yi saitin. In da bututun gilashi yake aiki, a duba wa'adin da ke jikin kwalin.

3. Tukunyar da aka yi saitin da ita, tana da takardar shaida? Wa'adinta bai wuce ba?

4. Sau nawa zai zo ya auna a cikin kwanakin? A rubuta lambar kowace rana a littafin ƙungiya, sakatare ya sa hannu. In lambar ta faɗi tun kwana na biyu ko na uku, akwai yoyo, a gyara, kada a jira ranar buɗewa.

5. Wa zai ba da izinin shiga? Bayan an buɗe iska ta ratsa, ba mai shiga sai ƙaramar mita ta nuna ƙasa da ppm 0.3.

Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya ce "ni da hancina nake ganewa," ku sallame shi da mutunci.

Sito kuma ya kasance nesa da gidajen kwana da turken dabbobi, ba katanga ɗaya da ɗakin kowa ba, a kulle shi, a sa alama, a sanar da maƙwabta da mai unguwa. Kada a cusa ƙwaya cikin hatsi. A ɗora ta a faranti ko takarda yadda za a kwashe garin. Kada ruwa ya taɓa ta, tana iya kamawa da wuta. Garin da ya rage a binne shi nesa da rijiya da inda yara ke wasa.

In babu mita fa?

To a bar ƙwayar. Ga manomi mai buhu biyar ko goma, akwai hanyar da ba ta buƙatar guba ko kaɗan: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, an fara yaɗa shi sosai a 2007, kuma ana yin sa a nan Kano. In wake ya bushe sarai, aka duba ledar ba huji, aka matse iska aka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin da kansu suke shanye iskar numfashin da ke ciki su mutu. Duro ko jarka mai murfin da ke toshewa ruf, in an cika ta har baki, ita ma haka take aiki. Abin kiyayewa shi ne ɓera da yawan buɗewa.

In kuma an riga an yi kuskure, aka ga mutanen gida ɗaya sun tashi da ciwon kai, jiri, amai, tari ko ƙirji ya ɗaure, kuma akwai buhu mai ƙwaya a kusa, kada a tsaya cewa maleriya ce. A fitar da kowa waje cikin iska, a bar ƙofa a buɗe, kada a koma kwaso kaya. A tafi asibiti nan take da gwangwanin maganin a nuna wa likita. Manja ko madara ba sa karya gubar da aka shaƙa, kuma babu wata allurar da ke warware ta. Taimakon numfashi da kulawa ake bayarwa. Ko mutum ya ji sauƙi a duba shi, domin illar da take yi wa huhu tana iya bayyana bayan sa'o'i masu yawa.

Shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana a taronsu tun kafin a fara ɗaure buhuna: wa zai yi ajiya a PICS, wa zai kai babban sito, nawa za a tara don a ɗauko mai mita. Duk ƙungiyar da ke son a zo a nuna mata yadda ake ɗaure buhun ko yadda ake duba yoyon tamfol, ta yi wa malamin gonan yankinta magana. Allah ya sa mu ci amfanin abin da muka noma lafiya.